Menu a bayyane, a ɓoye ko a ƙasan allo: wanne ya dace da shafinka?

Kafin a kai ga maganar launi ko siffar maɓalli, tambayoyi biyu ne ke yanke hukunci kan irin menu ɗin, wato jerin sassan da ake latsawa a shiga, da ya kamata shafin intanet ya ɗauka. Ta farko, manyan sassa nawa shafin yake da su? Ta biyu, mai ziyara yakan yi ta zirga-zirga ne tsakanin sassan, ko kuwa abu ɗaya ya kawo shi, da ya gani ya fita? Makarantar kuɗi mai sassa biyar da jarida mai sassa goma sha biyar ba buƙatarsu ɗaya ba, kantin da ke sayar da kaya iri dubu biyu kuma tasa daban. Yawancin menu marasa daɗin amfani ba rashin gwaninta ya ɓata su ba. An kwafo su ne daga wani shafi da amsarsa ga tambayoyin nan biyu ta bambanta.

Salon da ake zaɓa a ciki ba su da yawa: layin sama a bayyane, ɓoyayyen menu mai alamar layuka uku, sandar ƙasan allo, menu mai saukowa ƙarami ko faffaɗa, da jerin gefe. Sai kuma gauraye, wanda ke ɗaukar rabi nan rabi can.

Layin sama: lissafin wuri ne kawai

Wannan shi ne salon da ya fi kowanne sauƙin fahimta. Sunayen sassa a jere a saman shafi, mutum ya gani ya latsa, ba sai ya yi hasashen abin da ke bayan wata alama ba. Ba ya buƙatar JavaScript, wato yaren da ke sa abubuwan shafi su motsa, kuma yana aiki a kowace burauza, manhajar da ake buɗe shafi da ita. A kwamfuta mai faɗin fiksel 1280 ko 1366 (fiksel shi ne ɗigon da ake auna allo da shi), sassa bakwai ko takwas na shiga har da tambari da akwatin bincike.

A waya ake samun cikas. Wayoyin Android da yawa, har da na Tecno, Itel da Infinix da suka cika hannun mutane, suna nuna shafi ne a faɗin fiksel 360 ko kusa da haka. Idan girman rubutu fiksel 16 ne, kowane harafi yana cin kusan fiksel 8, sannan kowane suna na buƙatar sarari na fiksel 12 dama da hagu don kada yatsa ya haɗa biyu. “Labarai” zai ci 80, “Wasanni” 80, “Kasuwanci” 96, “Tuntuɓe mu” 104. Jimla 360 ke nan, wato sunaye huɗu sun cinye faɗin wayar kakaf, ba a ma sa tambari ba. Suna irin “Shirye-shiryen rediyo” shi kaɗai ya haura rabin allo. Don haka wanda ya sayi samfurin shafi da aka auna da gajerun kalmomin Turanci, ya zuba na Hausa a ciki, kada ya yi mamaki in layin ya karye gida biyu ko sunan ƙarshe ya faɗa bayan allo. Da sunayen da za a yi amfani da su na ainihi ake awo, ba da na gwaji ba.

Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa, wai menu bai kamata ya wuce abu bakwai ba. Asalinta binciken George Miller ne na 1956 kan yawan abin da mutum ke iya riƙewa a kansa na ɗan lokaci. Amma ai menu ba haddace shi ake yi ba, yana nan a gaban ido ana kallo. Sassa tara masu sunaye bayyanannu sun fi biyar da aka cusa abubuwa marasa dangantaka a cikinsu don a cika wata ƙa'ida. Abin da ke iyakance adadi shi ne faɗin allo da kuma yadda sunayen suka bambanta da juna.

Layuka uku: yana gyara kallo, yana rage amfani

Alamar layuka uku ba sabuwa ba ce. Norm Cox ne ya zana ta don kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, sai wayoyin zamani suka farfaɗo da ita saboda ƙarancin wuri. Amfaninta a fili yake: komai yawan sassa, maɓalli ɗaya ya ɗauke su, shafi ya yi fes. Shi ya sa masu zane ke ƙaunarta, masu shafi ma in an nuna musu sai su ce ta yi kyau.

Sai dai an auna abin da take jawowa. A 2016 kamfanin Nielsen Norman Group ya gwada mutum 179 a shafuka shida. A kwamfuta, inda menu ɗin yake ɓoye an yi amfani da shi a kashi 27 cikin 100 na ayyukan da aka ba mutane, inda yake bayyane kuwa kashi 48. A waya, ɓoyayye ya samu kashi 57, gauraye mai nuna wasu sassa a fili ya samu 86. Mutane sun kuma fi ɓata lokaci kafin su gama abin da aka sa su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san kasuwa: kayan da aka baje a bakin shago shi ake tayawa, na cikin sito sai wanda ya riga ya san akwai shi. Facebook ya sauya manhajarsa ta iPhone daga wannan salo zuwa sandar ƙasa a 2013, Spotify ma ya yi haka a 2016.

Hukunci a nan mai sauƙi ne a kwamfuta: babu hujjar ɓoye menu a allon da ke da wurin sassa takwas. Duk shafin da ya yi haka, ado ya zaɓa a kan aiki. A waya kuwa maganar tana da sassauci. Idan yawancin baƙi daga Google ko WhatsApp suke faɗowa kan labari guda, su karanta su tafi, ɓoyayyen menu bai cuce su da komai ba. Idan kuma akwai sassa uku da kuɗin shiga ko manufar shafin ta rataya a kansu, kamar “Neman gurbi”, “Kuɗin makaranta” da “Sakamako”, to tura su bayan layuka uku tamkar cire su ne ga wani kaso na mutane.

In dole sai an yi amfani da shi, ga abubuwan da ke raba mai kyau da maras kyau. A rubuta kalmar “Menu” a gefen alamar ko a ƙarƙashinta, kamar yadda shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, ya rubuta kalmar ƙarara, domin ba kowa ya san layuka uku ƙofa ba ce. Wurin latsawa kada ya gaza fiksel 44 zuwa 48 tsawo da faɗi. Apple 44 ya ce, Google 48, ƙa'idar WCAG 2.2 ta 2023, mai kula da sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman, kuma ta sa 24 a matsayin mafi ƙanƙanta da za a lamunta, ba wanda za a nufa ba. A zana alamar da SVG ko da CSS, hanyoyin zane da ado na cikin shafin kansa, kada a ɗauko ta daga fon ɗin alamomi, wato fayil ɗin salon rubutu da ake saukewa daban. Opera Mini, in tana yanayin matse data sosai, ba ta sauke fon daga shafi, sai mutum ya ga akwati fanko ko ma wayam a inda maɓallin yake. Ita wannan burauzar JavaScript ma a sabar kamfanin take gudanar da shi, ba a wayar ba, don haka menu ɗin da ya dogara kacokan da shi yana iya ƙin buɗewa ko ya sa shafin ya sake lodi. Maganin da ya fi arha shi ne a gina shi da umarnin details da summary na HTML, yaren da ake gina shafi da shi, waɗanda burauzoji na zamani ke buɗewa da kansu, ko kuma maɓallin ya zama mahaɗi zuwa jerin sassa a ƙasan shafi idan JavaScript bai sauka ba. Wannan na biyun ya fi tabbas a tsofaffin wayoyi.

Sandar ƙasa: ta manhaja ce, aro ake yi

Steven Hoober ya lura da yadda mutane ke riƙe waya a 2013, ya tarar kusan rabinsu, kashi 49, da hannu ɗaya suke aiki. Babban yatsa ƙasan allo ya fi kaiwa cikin sauƙi, kusurwar sama ta ɗaya gefen kuwa sai an gyara riƙo. Wannan ne ƙarfin sandar ƙasa: kullum a bayyane take, kuma a inda yatsa yake. Tana ɗaukar sassa uku zuwa biyar, ba ƙari. A faɗin 360, biyar na nufin kowanne ya samu fiksel 72, wanda da ƙananan haruffa bai wuce harafi tara ko goma ba. “Kwando” da “Asusu” sun shiga, “Tambayoyi da amsoshi” ba wurinsa ba ne. Kuma kada a ce za a bar alamomi zalla a cire rubutu. Ban da gida da gilashin bincike, da wuya a samu alamar da kowa ya yarda da ma'anarta. Zuciya a wani shafi “abin da na ajiye” ce, a wani kuma “lafiya”.

Ta dace da shafin da ake zama a cikinsa ana kai da komo: kantin intanet, shafin ɗalibai na duba darasi da sakamako, shafin biyan kuɗi. Ba ta dace da jarida ko shafin ƙungiya ba, inda karatu ne aikin, kuma kowane layi na allo yana da daraja. Sandar na cin fiksel 56 zuwa 80. In an haɗa da kan shafi mai manne na fiksel 56 a wayar da tsawonta 640 ne, fiye da kashi ɗaya cikin shida ya tafi tun kafin burauza ta ɗauki nata rabon.

Ƙasan allon ma ba naka ba ne kai kaɗai. Safari, burauzar iPhone, ta mayar da wurin rubuta adireshi ƙasa tun iOS 15 a 2021, Android na da maɓallansa a can, talla mai manne da sanarwar kukis, mai neman izinin adana bayanan ziyara, duk nan suke sauka. Ga kuma koren maɓallin WhatsApp da 'yan kasuwa ke son ya riƙa shawagi a kusurwar dama, wanda sau da yawa yakan zauna daidai kan sashe na biyar. In za a yi sandar ƙasa, a mayar da WhatsApp ɗaya daga cikin sassanta, a bar wa maɓallan wayar sarari da umarnin CSS na safe-area-inset-bottom, kuma a ɓoye sandar duk lokacin da madannai suka fito, in ba haka ba tana iya hawowa ta rufe gurbin da mutum ke cikewa.

Mai saukowa: ƙarami ko faffaɗa

Idan sassa suna da 'ya'ya, kamar jami'a mai tsangayoyi da sassa, ko kanti mai nau'o'in kaya, sai an nemi hanyar nuna mataki na biyu. Ƙaramin menu mai saukowa, jeri ɗaya mai abu biyar zuwa goma, ba laifi. Matsala na farawa ne idan jerin ya haifi wani a gefensa, wancan ma ya haifi wani. Mai linzamin kwamfuta (mouse) yana son ya tafi a karkace daga “Tsangayoyi” zuwa wani abu da ke ƙasa ta dama, a hanya sai kibiyar ta goga layin da ke ƙasa, jerin da yake nufa ya ɓace, wani ya fito. Dattijo ko mai rawar hannu zai iya gwadawa sau uku bai samu ba. Amazon ya magance wannan da dabarar lura da inda kibiya ta nufa: muddin tana tafiya cikin kusurwa uku da ke tsakanin inda take da gefen jerin da ya buɗe, ba a sauya shi. Wani mai rubuta manhaja, Ben Kamens, ya warware yadda dabarar ke aiki a 2013. Wanda ba zai iya gina wannan ba, to ya sa jinkiri: kusan rabin daƙiƙa kafin jeri ya buɗe, rabin daƙiƙa kafin ya rufe.

Faffaɗan menu, wato babban allo guda da ke saukowa da rukunoni a jere, ya kauce wa wannan wahala gaba ɗaya, tun da komai na mataki na biyu da na uku a fili yake lokaci guda. Ya fi dacewa idan mahaɗai sun haura talatin kuma suna rabuwa gida-gida: ginshiƙi uku ko huɗu, kowanne da kansa mai kauri da abu biyar zuwa takwas a ƙasa. Abin da ke lalata shi cushe ne. Kowane ofishi na son sunansa ya fito, sai a wayi gari da mahaɗi ɗari da hamsin da hotuna, waɗanda mai waya zai sauke da datarsa a kowane shafi ko da bai taɓa buɗe menu ɗin ba. Tsawonsa kuma kada ya wuce allo, don in ya wuce, mutum na ƙoƙarin gangarawa zai rufe.

Tsakanin buɗewa da shawagin linzami da buɗewa da latsawa, latsawa ta fi. Allon taɓawa bai san shawagi ba, kuma kwamfutoci da yawa yanzu ana taɓa allonsu. A nan ne ake yin wani kuskure da ya zama ruwan dare: a sa “Kayayyaki” ya zama mahaɗi zuwa shafinsa, kuma shi ne mai buɗe jeri. A waya in an taɓa, ko dai ya wuce shafin ba a ga jerin ba, ko ya buɗe jerin a rasa hanyar shafin. A zaɓi ɗaya: ya zama maɓallin buɗewa kawai, sannan abu na farko a jerin ya zama “Duk kayayyaki”.

Jerin gefe ba ya buƙatar dogon bayani. Wurinsa shafukan aiki ne da na dogon bayani mai babi-babi, inda sassa ke ƙaruwa kullum, domin jeri a tsaye yana karɓar sabon layi da dogon suna ba tare da ya karye ba. Yana cin fiksel 240 zuwa 300 na faɗi, don haka a waya dole ya koma ɓoyayye.

Gauraye, da wanda ya dace da wa

Ga yawancin shafuka, gauraye ne amsar: a nuna sassa uku ko huɗu da aka fi nema, saura su shiga ƙarƙashin “Ƙari” ko “Menu”. Idan allo ya faɗaɗa, wasu su fito daga ɓoye su hau layi. Wani nau'insa shi ne layi mai jan gefe, irin wanda kafofin labarai ke so. Yana aiki da sharaɗi guda: sunan ƙarshe ya yanke a rabi ko ya dusashe a bakin allo, don mutum ya gane akwai saura. In sunaye huɗu suka cika faɗin cif, kamar lissafin da ya gabata, ba mai sanin akwai na biyar.

Saboda haka ƙaramin shafi mai sassa huɗu ko ƙasa, na asibiti mai zaman kansa, tela ko gidan abinci, ya bar su a bayyane a waya da kwamfuta. Bai da abin ɓoyewa. Mai sassa biyar zuwa takwas ya yi layin sama a kwamfuta, gauraye a waya. Jarida ta yi layi mai jan gefe da cikakken jeri a bayan maɓalli. Kanti babba ya yi faffaɗan menu a kwamfuta, a waya kuma sandar ƙasa da akwatin bincike a buɗe a sama, ba alamar gilashi kaɗai ba. Jami'a ko ma'aikata ta yi faffaɗan menu, ta ƙara da layin nan da ke nuna hanyar da aka biyo, misali Gida › Tsangayoyi › Kimiyya, domin yawancin baƙinta a tsakiyar shafin suke sauka, ba ta ƙofar gaba ba.

Wace uku ko huɗu za a fitar fili? Ba shugaban wurin ne zai faɗa ba, in da hali. Alƙaluman ziyara na wata uku da kalmomin da mutane ke rubutawa a akwatin bincike sun fi shi sanin amsa. Shafukan hukumomi sun saba jera menu bisa tsarin ofisoshinsu, “Sashen Mulki”, “Sashen Tsare-tsare”, alhali wanda ya zo neman fom bai san wane ofishi ke riƙe da shi ba, kuma bai kamata a ce sai ya sani ba. “Jawabin shugaba” ba kasafai ya cancanci wuri na biyu a layi ba.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A rubuta sunan kowane shafi a kati, kati 30 zuwa 60, a ba mutum kamar 15 daga cikin masu amfani da shafin na gaskiya, kowa shi kaɗai, ya kasa su gida-gida ya raɗa wa kowane kashi suna. Inda akasari suka haɗu, nan rukuni yake. Daga nan a rubuta tsarin a takarda ba ado, a ba wasu mutum biyar aiki: “Kana son sanin kuɗin zangon farko, ina za ka taɓa?” A yi shiru, a rubuta inda suka fara taɓawa. In uku cikin biyar sun ɓata a wuri guda, sunan ne da laifi. Kada kuma a damu da dokar nan ta cewa komai sai an same shi cikin latsawa uku. Joshua Porter ya gwada ta a 2003 bai ga mutane na ficewa bayan ta uku ba. Abin da ke korar mutum shi ne latsawar da ba ta kusantar da shi ga abin da yake nema.

Ko wane salo aka zaɓa, akwai sassan da ba a gani da ido amma rashinsu ke hana wasu shiga. A rubutun HTML, menu ya zauna cikin nav, abin buɗewa ya zama button na gaske mai aria-expanded, domin manhajar da ke karanta wa makafi allo ta faɗi a buɗe yake ko a rufe. Sashen da mutum ke ciki a yi masa alama da aria-current da kuma ja-layi ko kauri, ba launi kaɗai ba. Maɓallin Tab ya bi sassan a jere, Esc ya rufe abin da ya buɗe. Bambancin hasken rubutu da bango kada ya gaza 4.5 bisa 1, don toka-toka a kan fari ɓacewa yake a tsakar rana. A kuma duba fon ɗin yana da ɓ, ɗ da ƙ, manya da ƙanana. Da yawa ba su da su, sai burauza ta aro harafin daga wani fon, “Ƙari” ya fito da harafin farko daban da sauran. Noto Sans na da su duka. Gwajin ƙarshe a yi shi a ƙaramar waya mai arha, da data ba da wayifai ba, a waje cikin rana, da hannu ɗaya.